Saura Gida Ɗaya a Gabas da Abeshe

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Kawu ya koma ranar wata Talata da hantsi, a tsakiyar damina, a ɗakinsa na layin Ali Kazaure a Jos, sanye da suwaitarsa mai ruwan ƙasa wadda ba ya rabuwa da ita ko da rana ta take. Bai yi doguwar jinya ba. Kwana huɗu ne, ko biyar idan aka haɗa da ranar da ya fara cewa ƙirjinsa ya yi masa nauyi.

Kafin azahar layinmu ya cika. Tsofaffin direbobi suka zo, waɗanda suka yi zamanin gingimari tare da shi, wasu da sanda, wasu ana riƙe da su. Masu dankalin Turawa suka rufe rumfunansu suka zo. Wani dattijo Birom, wanda suka yi aiki tare a wurin haƙar kuza a Bukuru tun suna samari, ya cire hularsa ya zauna a bakin tabarma, ruwa na ɗiga masa a kafaɗa daga gefen rumfa, aka yi aka yi ya matso ciki ya ƙi. Abin da ya ce kawai shi ne Alhajin ƙasa ya tafi ba sallama, kuma wannan ba halinsa ba ne. Haka ake kiran Kawu a unguwa, Alhajin ƙasa, domin da ƙafa ya je Makka tun yana yaro.

Na lura kusan duk wanda ya buɗe baki magana ɗaya yake yi. Wannan ya ce Kawu ne ya hana shi tashi da lodin tumatir ranar da gada ta karye. Wancan ya ce shi ne ya faɗa masa watan da zai kai amaryarsa garinsu ba tare da mota ta kafe ba. Kowa da ranar da Kawu ya zaɓa masa. Ina zaune a cikinsu ina amsa gaisuwa, ina tunanin ni kaɗai ne a rumfar nan wanda Kawu ya zaɓa wa rana har sau uku bai tashi ba.

Da muka dawo daga maƙabarta sai Yaya, babban ɗan Kawu, ya ja ni gefe ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce Allah ya saka mini da alheri. Ya ce ba don ni ba, da yanzu a wani daji tsohon nan ya cika, ba mai yi masa wanka, ba mai sanin kabarinsa. Idonsa ya yi ja, kuma har zuciyarsa yake faɗa. Na ce amin.

Ranar sadakar uku na shiga gaida Inna, matar Kawu. Tana zaune a kan tabarmar takaba, tana lissafa wa mata waɗanda aka sanar: dangin Bauchi sun zo sun koma, na Kano an yi musu waya, na Legas suna hanya. Ba ta dube ni ba, amma ni take yi wa magana.

“An gaya wa kowa. An yi wa kowa gaisuwa. Saura gida ɗaya.”

Sannan ta nuna bayan ƙofa da haɓa. Jakar Kawu ce a rataye, ɗaure tsaf, kamar yadda take tun shekara uku da suka wuce.

Saboda wannan gida ɗaya nake rubutun nan. Ban tabbata ni ne ya dace in rubuta ba. Akwai waɗanda suka fi ni saninsa, akwai kuma waɗanda ba su da abin kunya a cikin labarin. Amma ina tsoron idan muka yi shiru, nan da 'yan shekaru ba abin da zai rage na Kawu sai cewa wani tsohon direba ne mai son kallon sama.

Kawu wan mahaifiyata ne, uba ɗaya, kuma ya girme ta da nisa har mutane kan ɗauka shi ya haife ta. Dogo ne, siriri, ba ya sauri a komai. Idan ka ce masa za ka yi tafiya, ba ya tambayar motar da za ka hau. Tambayarsa ita ce wa ya san inda za ka kwana, kuma ina ruwa na gaba yake. Mu yaran Jos, da muka tashi cikin sanyi da famfo, dariya muke yi. Ba ya ƙirga hanya da kilomita, da zango yake ƙirgawa. A jakarsa kullum akwai igiya, da allura da zare, da ƙullin kanwa, da dabino. Ko Bukuru zai je sai ya ɗauke ta, Inna tana yi masa tsiya tana cewa ko yau ma tekun Sawakin za a tsallaka zuwa Makka.

Labarin hanyar gabas kowa a gidanmu ya san shi, amma a gutsure. Kawu yana da kamar shekara tara mahaifinsa ya ɗebe su, shi da mahaifiyarsa, suka bi ayarin masu zuwa hajji ta ƙasa. A wancan zamani ba a sa ranar dawowa. A yi tafiya, guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko ɗinki ko aski a wani gari, a sake tashi. Sun wuce Borno, suka tsallaka kogi suka shiga ƙasar Chadi, suka yi damina guda a hanya. Da ruwa ya ɗauke suka wuce Abeshe, kuma a gabas da ita, a bakin wani rafin yashi, mahaifiyarsa ta haihu. Bayan kwana biyu ta rasu. Aka binne ta a gindin wasu itatuwan gawo.

A lokacin akwai Larabawa makiyaya da suka sauka a bakin rafin da raƙumansu da shanunsu. Wata mata mai goyo a cikinsu ta karɓi jaririyar ta ba ta nono. Ayari ba zai jira ba, jaririya kuma ba za ta rayu a hanya ba. Mahaifin Kawu ya raɗa mata suna, ya bar ta da alkawarin zai karɓe ta a hanyar dawowa. Sai da suka shekara biyar ko shida kafin su dawo, kuma da rani suka iso. Rafin ya bushe, ba kowa sai itatuwa. Makiyayan nan arewa suke yi da damina, idan ruwa ya ɗauke su gangaro kudu, su sauka a wannan rafin mako uku ko huɗu kafin tafkuna su ƙafe, sannan su wuce. Wanda bai zo cikin waɗannan makonni ba, bai zo ba. Tsohon ya dawo gida, ya sake aure, ya haifi Umma mahaifiyata, ya rasu da maganar a bakinsa. A gidanmu ana kiran wannan jaririya Iya ta gabas.

Da Kawu ya zama direba ya kai kaya Abeshe sau biyu. Amma gingimari da rani take zuwa can, lokacin da ƙasa ta yi tauri, kuma mota ta mai ita ce. Sau biyun duka ya je rafin, ya yi wa mahaifiyarsa addu'a, bai tarar da kowa ba. Daga nan sai iyali, sai shekaru. Ina jin shi kansa ya fara haƙura, har ranar da wani bafatake da ya kawo shanu kasuwar Bukuru ya ba shi labarin wata tsohuwa a cikin wata zuriyar makiyaya, wadda ake yi wa laƙabi da 'yar alhazai, mai sunan da ba irin nasu ba. Bafataken ya ce har yanzu suna sauka a wancan rafi bayan ruwa. Ko gaskiya ya faɗa, ko ya ga tsoho ne ya faɗa masa abin da yake son ji, Allah ne Ya sani. Ranar Kawu ya dawo gida ya ɗaure jaka.

Idonsa ya riga ya fara yana, gwiwarsa ma ba ta da ƙarfi, don haka ba zai iya tafiya shi kaɗai ba. Ni ya zaɓa. Na gama jami'a, labarin ƙasa na karanta, ina koyar da shi a wata sakandare a Rikkos. Ya ce tunda gwamnati ta ba ni takardar sanin duniya, lokaci ya yi da zan je in ga ko duniyar ta san ni.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai mu zauna a benci a gaban shagon Oga. Oga maƙwabcinmu ne, Inyamuri mai sayar da kayan mota, ya fi shekara talatin a layin. Shi ke riƙe wa Kawu kujera, Kawu kuma ke riƙe masa makullin shago duk ƙarshen shekara idan sun tafi gida Kirsimeti. A bencin nan Kawu yake ba ni hanya, zango ɗaya a mako, ni kuma ina rubutawa a littafi. Ba ya yarda ya ba da biyu. Ya ce wanda aka ba hanya duka rana ɗaya, rana ɗaya yake mantawa.

Waɗannan Juma'o'i su ne abu mafi daɗi da na samu a wurinsa, kuma ban san haka ba sai yanzu. Ya ba ni labarin baƙar lakar da ke bayan Borno, wadda da damina take haɗiye ƙafar jaki har gwiwa, da rani kuma ta tsage har hannun mutum ya shige. Ya ce a kusa da babban tafki sun yi yini guda a zaune suna jiran garken giwaye ya gama wucewa, ba mai tari, madugu ya cire wa jakuna ƙararrawa. Ya ce ranar da ya fara ganin raƙumin dawa ya ɗauka itace ne ke tafiya, ya ruga ya ƙanƙame mahaifiyarsa, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Wannan ce dariyarta ta ƙarshe da yake iya tunawa. Ya ce kura ba ta bin mai ƙarfi, ayari take bi a baya tana duba wanda ya fara jan ƙafa, shi ya sa ake sa marasa lafiya a tsakiya. Ya kuma kwatanta mini kangon wani tsohon birni a arewa da Abeshe, mai ginin jan bulo, wanda sarki da jama'arsa suka tashi suka bari domin rijiyoyinsa sun ƙafe. Wannan na bincika na tarar haka ne, har na zo masa da hoto. Ya kai shi kusa da ido ya daɗe yana kallo, ya ce sai yanzu da waya ta faɗa na yarda.

Ni kuma nawa aikin shi ne takardu: fasfo, katin rigakafi, da hanyar da za a bi yanzu. Tsohuwar hanya ta Borno ba ta da aminci, don haka na tsara mu bi ta Yola mu shiga Kamaru, Garwa, Marwa, Kusuri, mu tsallaka Njamena, daga nan mu miƙe gabas. Duk abin da Kawu ya tambaye ni, amsata takan fara da wataƙila. Wataƙila a samu mota. Wataƙila iyaka a buɗe take. Har ya raɗa mini suna Malam Wataƙila, Oga ya kama, yaran layi ma suka kama.

Ranar tashi kuwa, Kawu ba kalanda yake dubawa ba. Shamuwa yake jira. Ya ce ba ta cika yin sheƙa a kan tsaunin nan namu ba, amma ta nan take ratsawa. Idan ta gama renon 'ya'yanta a ƙasashen arewa ta juyo kudu, to ruwan can ya ɗauke, laka ta fara kamewa, makiyaya sun fara gangarowa. Daga ranar da ka gan ta, kwana uku gare ka ka bar gida. Saboda haka da damina ta ja baya sai ya riƙa hawa ƙaramar bas zuwa Bukuru, ya zauna a bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari, ya sa hannu a goshi. Da idon ya ƙara rauni sai ya riƙa tambayar masu noman lambu a wurin ko sun ga baƙaƙen tsuntsaye masu farin ciki sun sauka.

Shekarar farko ya dawo da la'asar yana haki, ya ce ta wuce, in shirya. A ranar ana sheƙa ruwa a Jos kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika ta tumbatsa, har da ƙanƙara a wasu unguwanni. Na leƙa taga na ce Kawu, wannan ruwan ai ko Bauchi ba a kai ba, balle ƙasar laka. Na ce mu ba shi mako biyu. Ya dube ni, ya ce to, kai ne malami. Mako biyu ya zama uku, ruwan Jos bai ɗauke ba sai da ya ga dama. Ran da ya ɗauke na je na ce na shirya. Kawu ya ce yanzu kam sai dai mu je mu gaida itatuwa.

Wannan kuskure ne na gaskiya, kuma kuskuren ɗan Jos ne. Muna zaune a kan tudu, ruwanmu yana rigan na kowa sauka, yana kuma bin bayan na kowa wajen ɗaukewa. Ranar da muke tsallen kwata a Ali Kazaure, a gabashin Chadi ƙasa ta yi makonni da bushewa. Na san wannan. Na rubuta shi a jarrabawa, na koya wa ɗalibai, har da zane a allo. Amma da aka zo kan jikina sai na yarda da abin da taga ta nuna mini. Ban gane ba sai bayan wata guda, ina tsaye a gaban aji, alli a hannuna. Ban je na faɗa wa Kawu ba.

A shekara ta biyu ne Yaya ya same ni. Ya ce yana ganin abin da nake yi kuma ya gode, in ci gaba da ja wa tsohon rai har maganar ta bi ruwa. Ban ce masa to ba. Amma ban ce a'a ba. Kuma ba zan ce Yaya ba shi da hujja ba. Yaƙi ya ɓarke a Sudan, 'yan gudun hijira sun cika gabashin Chadi, kullum rediyo da labarin da yake kawowa. Ɗa ne yake tsoron a ce ubansa ya ɓata a daji. Ni ma ina karanta labaran nan, ina jin tsoro. Da shamuwa ta wuce a shekarar, Allah Ya sa ana ruwa. Na sake nuna wa Kawu taga. A wannan karon na san abin da nake yi.

Ya kamata a nan in faɗi wani abu da Kawu ya taɓa yi mini, don a san irin mutumin da na yi wa haka. Lokacin da aka tura ni bautar ƙasa can kudu, ban taɓa wuce Akwanga ba. Na kwana uku ba na iya cin abinci, na fara neman takardar asibiti ta ƙarya. Ba wanda na faɗa wa. Ranar tafiya na iso tasha sai ga Kawu a kujerar kusa da tawa, da jakarsa a cinya. Ya ce wai wani tsohon abokinsa zai dubo a can. Muka yini muna tafiya, yana nuna mini inda ciyawa ke ƙarewa kurmi ya fara, da inda ƙasa ke sauya launi. Ya kai ni har bakin ƙofar sansani. Washegari ya hau motar farko ya juyo. Ba shi da kowa a garin. Kafin mu rabu ya ce mini shi ma yana jin tsoro duk tafiyar da zai yi, sai dai yakan sa shi a jaka su tafi tare. Bai taɓa ba wa kowa wannan labari ba, ko Umma.

Rigimarmu ta faru a shekara ta uku, ana saura kaɗan tsuntsayen su wuce. A lokacin mun kai Abeshe a littafi. Saura zango ɗaya: sunan rafin, da ƙauyen da ake sauka a bar mota, da sunan zuriyar makiyayan. Wannan Kawu ya riƙe shi tun farko, ya ce sai ana gobe tashi. Ranar Juma'ar na zo da babbar taswira da na bugo, na shimfiɗa a benci, Oga ya danne gefenta da wani ƙarfe. Na fara bayani. Na ce na duba hotunan sama, rafukan yashi a gabas da Abeshe ba su ƙirguwa, gawo kuma ko'ina akwai shi. Na ce shekaru sun fi saba'in, wataƙila makiyayan sun sauya hanya, wataƙila bafataken ya ruɗe, wataƙila ma ƙwaƙwalwa ta haɗa wa mutum wuri biyu ta mai da su ɗaya. Sannan na ce ga shi kuma bana ruwa ya yi yawa.

Kawu bai katse ni ba. Da na gama ya ce, “Malam, a makarantar taku, ruwan Jos da na Abeshe rana ɗaya suke ɗaukewa?”

Ya sake jefo mini wata tambayar.

“Tun yaushe ka sani?”

Na ce, “Tun bayan shekarar farko, Kawu. Ku yi haƙuri.”

Oga ya tashi ya shige cikin shago kamar an kira shi. Kawu ya ɗauke ƙarfen, ya naɗe taswirar a hankali, yana bin kowane lanƙwasa da yatsa don kada ta yage, ya miƙo mini.

“Da ka ce mini tsoro kake ji, da na ji. Na san maganinsa. Amma ka ce mini ruwa ne.”

Bai ɗaga murya ba. Bai kai ƙarata wurin Umma ba. Na ci gaba da zuwa gaishe shi, yana amsawa, yana tambayar ɗalibaina, yana sa Inna ta zubo mini tuwo. Abu biyu ne kawai suka sauya. Bai sake ba ni zango ba, kuma bai sake kirana Malam Wataƙila ba. Malam kawai, kamar yadda zai kira kowane baƙo mai biro a aljihu. Shamuwa ta wuce a shekarar, ya je Bukuru ya dawo, ba wanda ya ce wa wani komai. Kullum ina cewa zan same shi in ce Kawu, tsoro ne, ku ba ni zangon ƙarshe, bana za mu tafi. Ina jiran ranar da ta dace. Ina cikin jira aka kira ni daga aji ranar Talatar nan.

Bayan maganar Inna na ɗauko littafina na duba. Hanya ta miƙe tun daga Jos, shafi bayan shafi, da giwayenta da rijiyoyinta, ta zo Abeshe ta tsaya. Na tambayi Inna, ta ce sunayen Larabci ne, ba ta taɓa riƙe su ba. Umma ma haka. Yaya ya ce in bar matattu su huta. Na je kasuwar shanu neman bafataken, aka ce an daɗe ba a gan shi ba. Kwanakin nan su ne mafi nauyi. Na ga cewa ba tafiyar Kawu kaɗai na kashe ba. Kabarin wata mata da kuma 'yarta, waɗanda mutum biyu suka riƙe a ka fiye da shekara saba'in, a hannuna suka zube, saura zango ɗaya a miƙo mini.

Ranar sadakar arba'in da yamma, mutane sun watse, Oga ya kira ni shago. Tun rasuwar bai buɗe sosai ba. Ya jawo wata durowa ya fito da guntun kwali, irin na kayan mota, an ninke shi biyu an naɗe da salatif ta ko'ina. Ya ce bayan rigimar nan da kwana biyu Kawu ya zo ya zauna, ya ce masa ya kawo biro. Shi yana faɗa, Oga yana rubutawa, yana maimaita masa har sai da ya ce daidai ne.

Na miƙa hannu. Oga ya mayar da kwalin bayansa.

“A'a, Malam. Alhaji ya ce in na ba ka yanzu, za ka sa shi a waya, waya zai ba ka dalili goma. Ya ce sai ranar da na gan ka da jaka a kafaɗa, mota yana jira. Ya ce ko a nan ma kada ka buɗe sai Abeshe.”

Na ce idan ban zo ba fa?

Oga ya share ido da bayan hannu. Ya ce shi ma ya tambaya haka. Kawu ya ce masa, zai zo, Malam Wataƙila ne, yana daɗewa ne kawai.

Na zauna a kan bencin.

Ba zan yi ƙarya a rubutun da na yi don mamaci ba: har yanzu tsoro nake ji. Labaran gabas ba su gyaru ba. Na yi magana da wasu direbobi da ke zuwa Njamena, wani ya ce hanya lafiya har Abeshe, wani ya ce kada in kuskura. Wataƙila a mayar da ni daga iyaka. Wataƙila in isa in tarar sun wuce, ko sun daina sauka a can, ko tsohuwar ta riga wanta tafiya. Yaya ya daina amsa gaisuwata tun da ya ji na nemi hutu a makaranta, kuma ban ga laifinsa ba. Umma ta yi kuka, sannan ta buɗe akwati ta ɗauko turmin zane wanda ta ce ta daɗe da ajiye shi, ba ta faɗi don wa ba.

Na taɓa tambayar Kawu da wane harshe za mu yi wa Iya ta gabas magana, tunda da wuya ta san Hausa. Ya ce idan murna ce a nemi tafinta. Idan gaisuwar mutuwa ce ba a buƙata: ka cire takalmi, ka zauna a ƙasa, ka ɗaga hannu, kowa ya san abin da ya kawo ka. A lokacin gaisuwar mahaifinsu yake nufi, wadda ba a taɓa kai mata ba. Yanzu sun zama biyu.

Shekaranjiya na hau bas zuwa Bukuru. Ana yayyafi, sama ta yi baƙi ta wajen gabas, duk wanda ya leƙa taga zai ce damina ba ta da niyyar tafiya. Na tsaya a bakin kududdufi, wani mai lambu ya gane jakar Kawu da ke kafaɗata, ya yi mini gaisuwa, sannan ya nuna mini can ƙetaren ruwa. Suna nan a cikin ciyawa, baƙaƙe, masu farin ciki, sun fi a ƙirga. Ya ce da safen nan suka sauka.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka makwancinsa, Ya sada shi da mahaifiyar da ya bari a gindin gawo. Ya yafe mini abin da shi ya riga ya yafe.

Yau kwana na uku. Ruwa ake yi. Oga ya ce ƙarfe shida zai buɗe shago.